BIRKIN MOTAR ƘUNGIYA YA CIJE: INA ZA MU FARA DUBAWA?

'Yan'uwa manoma, da zarar kaka ta yi, motar ƙungiya ba ta hutawa. Yau ta kwaso masara daga gona, gobe ta kai doya kasuwa, jibi a tashe ta da tsakar dare domin kai mai naƙuda asibiti. Yawancin ƙungiyoyinmu kuwa ba su da ƙarfin sayen sabuwar mota. Abin da muke da shi tsofaffi ne: akori-kura Peugeot 404 ko 504, ko Land Rover, ko Volkswagen mai siffar kunkuru. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, ya yi wajen shekara talatin yana fitar da 504. Volkswagen ma a 1975 aka fara harhaɗa ta a Legas. Land Rover samfuri na uku kuwa an ƙera ta daga 1971 zuwa 1985. Wasu daga cikin motocin nan sun girmi direbobinsu.

Dukanmu muna tsoron ranar da birki zai ƙi kamawa. Amma akwai wata cutar da ba mu cika kula da ita ba, wato birki ya kama ya ƙi saki, ko kuwa ya cije ƙafa gaba ɗaya da zarar an taɓa shi. Wannan ma yana kisa. Ƙafar da ta cije takan ja mota zuwa rami, takan juyar da bayan mota da mutane a kai, takan yi zafi har taya ta kama wuta. Tana kuma cin kuɗin ƙungiya, gama sau da yawa akan sayi sabon kaya iri iri a sa, bayan mako guda cutar ta komo. Dalili shi ne an fara saye kafin a yi bincike. A nan za mu nuna yadda za a bi sawun cutar daki daki, da sifana ɗaya da jak, kafin ma'aji ya fitar da ko kwabo.

YADDA BIRKIN GANGA YAKE AIKI

Irin birkin da muke magana a kai shi ne mai ganga, wanda makanikai ke kira diram. Louis Renault na ƙasar Faransa ya sa shi a motocinsa tun 1902. Shi ne a dukan ƙafafu huɗu na tsohuwar Land Rover da yawancin Volkswagen, shi ne kuma a ƙafafun baya na akori-kura 404 da 504, har da Toyota Hilux da yawa.

Gangar ƙarfe ce mai kama da tasa, tana juyawa tare da taya. A cikinta akwai takalma biyu masu siffar jinjirin wata, kowanne da fata a manne a bayansa. Takalman ba sa juyawa, suna zaune a kan wani farantin ƙarfe. Sa'ad da direba ya taka feda, babbar silinda, wadda ake kira masta, takan tura man birki ta cikin bututu zuwa ƙaramar silinda da ke kowace ƙafa. Ita kuma ta buɗe takalman su matse cikin ganga. Sa'ad da ya ɗaga ƙafarsa, sifirin ya jawo takalman su koma wurinsu, man kuma ya koma tankinsa ta wata 'yar ƙofa a cikin masta, wadda ba ta fi kafar allura girma da yawa ba.

Mu lura da abu biyu. Na ɗaya, ƙafar mutum ce ke tura man, amma sifirin ne kaɗai ke komo da shi, ƙarfinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Abin da bai isa ya hana birki kamawa ba ya isa ya hana shi saki. Na biyu, juyawar ganga da kanta tana jan ɗaya daga cikin takalman ya ƙara cusa kansa a jikinta. Kamar garmar shanu ce: in bakinta ya shiga ƙasa, jan shanun ne ke ƙara nutsar da ita. Wannan ne ya ba birkin ganga ƙarfi, shi ne kuma ya sa ƙaramin laifi a jikin fata yakan sa ƙafa ta cije. A gaban doguwar Land Rover, mai inci 109, kowace ƙafa tana da silinda biyu, takalman duka biyu kuma irin masu cusa kai ne, don haka ba ta haƙuri da datti ko kaɗan.

CIZON BIRKI IRI UKU NE

Mu fara da tambayar direba, gama bakinsa zai rage mana rabin aiki.

1. Mota ta tashi lafiya, bayan 'yan kilomita ta fara nauyi kamar ana janta ta baya, feda ya yi tauri, ƙafa ta yi zafi tana ƙauri. In an tsaya wajen rabin sa'a sai ta saki. Wannan birki ne mai ƙin saki.

2. Birki yana saki daidai, amma da an ɗan taɓa shi sai ƙafa ɗaya ta cije, taya ta yi ƙara a ƙasa, mota ta fizga gefe. Wannan birki ne mai fizga.

3. An ajiye mota kwana da kwanaki, da aka zo tashinta ƙafar baya ta ƙi juyawa sam. Wannan birki ne da ya manne.

Mu kuma tambaye shi: ƙafa nawa ce, kuma wacce? Wane aiki aka yi wa motar kwanan nan? In cutar ta fara bayan an taɓa birki, to, a wurin da aka taɓa za mu fara dubawa.

KAFIN MU SA HANNU

A tsayar da mota a wuri mai tauri da ba gangare. A sa waigi gaba da baya a ƙafafun da ke ƙasa. In an ɗaga da jak, a tokare motar da kututturen itace mai ƙarfi. Kada a yi amfani da bulon siminti, gama yakan farfashe ba tare da ya ba da sanarwa ba. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Ƙurar da ke cikin ganga kuma guba ce. Tsofaffin fatun birki, da wasu masu araha na yanzu, suna da asbestos a cikinsu, wanda ke lalata huhu, yana kawo ciwon daji bayan shekaru. Kada a hura ta da baki ko da famfo. A share ta da jiƙaƙƙen tsumma, a binne tsumman.

GWAJIN FARKO: MAI NE KO ƘARFE?

Ga birki mai ƙin saki, tambaya ɗaya ce ke raba hanya: man birki ne ya maƙale yana tura takalman, ko kuwa wani ƙarfe ne ya ƙi komawa? Ana yin gwajin nan ne lokacin da birkin yake cije, tun bai huce ba.

A ɗaga ƙafar da ta cije, a gwada juya ta da hannu. A bayan farantin akwai wani ɗan noti mai rami, wanda ake buɗewa in za a cire iska daga birki. A sa sifana daidai da shi, a buɗe shi kaɗan, kamar rubu'in juyi, a kau da ido daga saitinsa.

In mai ya yi tsartuwa da ƙarfi, ƙafar kuma ta saki nan take, to, cutar tana wajen mai: ko masta, ko feda, ko tiyo. Babu amfanin sayen sababbin takalma.

In mai ya ɗiga kawai, ƙafar kuma tana nan a cije, to, cutar tana cikin ganga ko a birkin hannu. Babu amfanin sayen masta.

A rufe notin tun mai bai gama fita ba, a kuma tabbata feda bai yi laushi ba kafin a tuƙa motar.

IN MAI NE YA MAƘALE

Sai mu ƙara gwaji ɗaya. A taka birki sau da yawa har ƙafar ta sake cijewa. Wannan karon a sassauta notin bututu a bakin masta, da tsumma a ƙarƙashi, gama man birki yana cin fenti. In ƙafar ta saki, laifin yana masta ko feda. In ba ta saki ba, laifin yana tsakanin masta da ƙafar, kusan kullum kuwa tiyo ne.

Feda. Sa'ad da aka ɗaga ƙafa, dole fistin ɗin masta ya koma har ƙarshe, in ba haka ba 'yar ƙofar nan ba za ta buɗe ba. Don haka masu ƙera mota suka bar ɗan wasa tsakanin sandar feda da fistin. A Volkswagen wajen milimita 1 ne a bakin sandar, wanda ake ji kamar milimita 5 zuwa 7 a kan feda in an danna shi da yatsa. A Land Rover wajen milimita 1.5 ne a bakin sandar. Wani direba yakan ce birki ya yi nisa, sai a ƙara wa sandar tsawo domin feda ya hau sama. Wasan ya tafi ke nan. Daga nan mai ya yi zafi ya kumbura, ba shi da hanyar komawa, ya matse takalma, takalman su ƙara zafi, man ya ƙara kumbura, har mota ta tsaya cik. In ta huce ta saki. Wannan yakan kama ƙafafu da yawa a lokaci ɗaya. Maganinsa ba ya cin kuɗi: a mai da wasan yadda yake. A duba kuma ko sifirin ɗin feda ya tsinke, ko tsatsa ta kama inda feda yake lilo, ko tabarma da laka sun tokare shi. A motocin da ke da baƙar tukunyar nan mai taimakon feda da iskar inji, kamar 504, akwai wata sandar a tsakaninta da masta, ita ma in ta yi tsawo haka za ta yi.

Masta. In wasan yana nan, to, ko datti ya toshe ƙofar, ko robar fistin ta kumbura ta rufe ta. A duba murfin tankin mai. In robarsa ta kumbura ta yi laushi kamar soso, wani ya zuba abin da ba man birki ba. Baƙin mai, da man giya, da kananzir, da gas, dukansu suna kumbura robar birki. In haka ta faru, ba masta kaɗai ba, duk wata roba da duk wani tiyo da ke birkin sai an canza, a wanke bututu da sabon man birki.

Tiyo. Bututun birki ƙarfe ne, amma kusa da ƙafafu ana sa na roba domin ya riƙa lanƙwasa. Tsohuwar Land Rover tana da uku, biyu gaba ɗaya baya. Volkswagen tana da huɗu. In tiyo ya tsufa yakan ruɓe ta ciki, ramin ya tsuke, ko wani ɓalli ya ɗago ya zama kamar bawul ɗin tayar keke: shiga da sauƙi, fita babu. Ta waje kuwa sai a gan shi sumul. In ƙafa ɗaya ta gaba ce ke cijewa, tiyonta ake zargi. In ƙafafun baya biyu ne tare a motar da tiyo ɗaya ke ciyar da su, shi ake zargi. In ɗaya ya mutu, sauran sa'o'insa ne, a canza su duka. A bi bututun ƙarfe da ido kuma, ko dutse ya maƙure shi a wani wuri.

Man birki kansa. Man birki yana shan laima daga iska. Sabon mai mai lamba DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205, DOT 4 kuwa 230. In sun sha ruwa, ma'aunin yakan sauko zuwa wajen 140 da 155. Ruwan nan ne kuma ke kawo tsatsa a cikin silinda. Don haka a juye shi duka a zuba sabo kowace shekara biyu. A sayi wanda yake a rufe cikin gwangwaninsa, kada a sayi na awo a kwalba. Kada a gauraya DOT 5 da sauran, gama ba jinsinsu ɗaya ba. Akan ji wasu direbobi suna zuba ruwan sabulu in mai ya ƙare a hanya. Wannan yana tafasa da wuri, yana cinye silinda da tsatsa. Araha ba ta ado.

IN ƘARFE NE YA ƘI KOMAWA

Sai a cire taya a cire ganga. In ganga ta ƙi fita, a sassauta notin saiti tukuna, gama takalma sukan ci rami a cikin tsohuwar ganga su bar gefe mai tudu da ke riƙe su. A buga ta a hankali da gudumar katako. Kada a buɗe ƙafafu biyu a lokaci ɗaya. A bar ɗaya ta zama abin koyi, a kuma ɗauki hoto da waya kafin a cire ko da sifirin ɗaya. Kada kowa ya taka feda sa'ad da ganga take a cire, fistin zai faɗo.

Saiti. Wannan shi ne ya fi yawa. An matse takalma da yawa domin feda ya hau. Yadda ake yi daidai shi ne: a saki birkin hannu, a ɗaga ƙafa, a juya notin saiti har ƙafar ta ƙi juyawa, sa'an nan a mai da shi baya haƙori biyu zuwa huɗu, gwargwadon irin motar, har ƙafar ta juya sakayau. A taka feda sau biyu ko uku a sake gwadawa. A yi saiti sa'ad da ganga take da sanyi. Ganga mai zafi ta buɗe, in an yi saiti a kanta, da ta huce sai ta matse takalman.

Sifirin. Zafi da shekaru suna kashe ƙarfinsa. Wanda ya miƙe, ko ya yi tsatsa, ko ya sauya launi, a canza shi. A tabbata kowanne ya koma raminsa na ainihi.

Ƙaramar silinda. A ɗaga robar da ke bakinta. In an ga mai, tana yoyo. In an ga tsatsa, fistin kuma ya ƙi motsi da yatsa, ya maƙale. Ƙafar direba takan iya tura shi waje, amma sifirin ba zai iya komo da shi ba.

Faranti. Inda gefen takalmi yake goga a kan faranti yakan ci rami, takalmin ya faɗa ciki ya maƙale. A goge wurin ya yi sumul, a shafa giris mai jure zafi, ɗan kaɗan kamar ƙwayar gero. Kada ya taɓa fata.

Birkin hannu. Wayarsa tana bi ta cikin kube a ƙarƙashin mota, inda laka da ruwa suke. In ta yi tsatsa, direba zai sauke hannun a ciki amma wayar tana nan a ja. A cire ta daga ƙafar a gani ko ƙafar za ta saki. Kullum a fara yin saitin takalma, sa'an nan na birkin hannu. Masu Land Rover su tuna birkin hannunsu ba ya ƙafafu. Wata ganga ce dabam a bayan akwatin giya. In ƙafafu huɗu suna da sanyi amma mota tana nauyi tana ƙauri daga tsakiya, can za a duba.

BIRKI MAI FIZGA

A nan laifin yakan kasance a fuskar fata ko a jikin ganga.

Mai a kan fata. Mutum zai zaci mai zai sa birki ya yi santsi. Wani lokaci haka ne, amma sau da yawa in man giya ko man birki ya haɗu da ƙura yakan zama danƙo, fata ta riƙa manne wa ganga. Man birki daga ƙaramar silinda yake zuwa. Man giya kuwa daga aksul, in robar da ke tare shi ta mutu. A kan aksul akwai wata 'yar kafar numfashi. In laka ta toshe ta, iskar ciki ta yi zafi ta tura mai ta bakin roba zuwa birki. In an canza roba ba a buɗe kafar ba, sabuwar ma za ta yi yoyo. Fatar da ta sha mai ba ta wankuwa. Wanke ta da fetur ko babbaka ta a wuta yana tsabtace sama ne kawai, in ta yi zafi man zai sake tsattsafowa. A tsai da yoyon, a canza takalman.

Takalma ba daidai ba. Kullum a canza na hagu da na dama tare, iri ɗaya daga kwali ɗaya. A wasu motoci takalmin gaba da na baya ba ɗaya ba ne, fatar wani ta fi tsawo, ko kuwa ba a wuri ɗaya aka manna ta ba. In an juya su, ƙafar za ta riƙa cijewa. Sabuwar fata mai kaifin baki ma takan cije, sai a ɗan rage kaifin bakin da jiƙaƙƙiyar zarto. A duba kuma ko fata ta fara ɓantarewa daga ƙarfenta, gama in ta saki gaba ɗaya takan cusa tsakanin takalmi da ganga ta kulle ƙafa ana cikin gudu.

Ganga. In ta karkace ta daina zama da'ira, direba zai ji feda yana harbin ƙafarsa, ƙafar motar kuma tana kamawa tana saki. Ana iya gyara ta a injin wasa ƙarfe, amma akwai iyaka. A jikin yawancin ganguna an rubuta iyakar faɗin da aka yarda. In ta wuce wannan, ko ta tsage, a jefar da ita.

Boris. A kama taya sama da ƙasa a girgiza. In tana wasa, ganga tana karkata a kan takalma, birki ba zai zauna daidai ba.

Mota ba kaya. Akori-kura an yi birkinta na baya domin kaya ne. In babu kaya, bayan ba shi da nauyi, ƙafafun baya su ne ke fara cijewa, musamman a kan tsakuwa ko jiƙaƙƙiyar hanya. Motocin kaya da yawa suna da wani bawul kusa da aksul na baya, mai sanda ko sifirin, wanda ke rage ƙarfin birkin baya in babu kaya. In ya maƙale, ko an cire shi, ko an ƙara ganyen sifirin ɗin mota ba a sake saitinsa ba, bayan zai riƙa cijewa. Tayar da ta suɗe ko wadda iskarta ba daidai da ta 'yar'uwarta ba ita ma tana saurin zamewa.

Da damina, in birki ya ɗan fizga da safe sau ɗaya ko biyu sa'an nan ya daina, wannan 'yar tsatsar dare ce, ba cuta ba. Haka kuma bayan an haye rafi, a yi tafiya a hankali ana ɗan taɓa birki har ya bushe.

MOTAR DA TA DAƊE A AJIYE

In hanya ta yanke da damina, motar ƙungiya takan yi wata biyu a ƙarƙashin mangwaro da birkin hannu a ja. Laima ta shiga, tsatsa ta manne fata da ganga. Kada a ɗaura mata tarakta a ja da ƙarfi, gama fata za ta iya ɓallewa. A sa waigi, a saki birkin hannu, a cire taya, a bubbuga gefen ganga da gudumar katako, a sassauta saiti, a riƙa motsa gangar gaba da baya har ta saki. Sa'an nan a buɗe a goge tsatsar, a duba fata. Rigakafinsa kuwa mai sauƙi ne: in za a daɗe ba a hau ba, a bar ta cikin giya a wuri mai shimfiɗa, a sa waigi, a saki birkin hannu. A tashe ta a ɗan zaga da ita kowane mako.

IN YA FARU A HANYA

Tsofaffin motocin nan ba su da na'urar hana ƙafa kullewa irin ta motocin zamani. Ƙafar direba ce na'urar. Tayar da ta cije ba ta jin sitiyari. In direba ya ji ta cije, ya ɗan ɗaga ƙafa ta juya, sa'an nan ya sake takawa a hankali. A dogon gangare, irin Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga ko saukowa daga tsaunin Mambila, a sa ƙaramin giya tun daga sama, inji ya riƙe motar, kada a kwanta a kan birki.

In an ji ƙauri ko mota ta yi nauyi, a tsaya, a sauke mutane. A kai bayan hannu kusa da kowace ƙafa ba tare da taɓawa ba, mai laifin za ta nuna kanta. Kada a watsa wa ganga mai zafi ruwa, takan karkace ko ta tsage. Kada kuma a ja birkin hannu a kanta, a sa waigi har ta huce. Buɗe notin cire iska zai iya sakin ƙafar a lallaba zuwa gareji mafi kusa, ba kaya ba fasinja, amma ba gyara ba ne, za ta sake cijewa. Wasu sukan toshe bututun ƙafar da ƙusa su ci gaba da aiki da birki uku. Motar da aka yi wa haka takan juya da zarar an taka birki da ƙarfi. Kada ƙungiya ta yarda a ɗauki ko mutum ɗaya a cikinta.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

Motar kowa da kowa ita ce motar da ba mai kula da ita. Saboda haka muna ba da shawara:

1. A zaɓi mutum ɗaya, ban da direba, wanda zai riƙa lura da motar yana ba da rahoto a taron wata.

2. A ajiye littafi a cikin motar. A rubuta ranar da aka canza mai, da takalma, da tiyo, da abin da aka kashe.

3. A ware wani abu daga kuɗin kowane lodi domin gyara, kada a jira sai ta lalace a fara karo-karo.

4. Kowace safiya direba ya duba man birki, ya danna feda da yatsa ya ji wasan, ya leƙa bayan tayoyi ko akwai alamar mai.

5. A buɗe ganguna huɗu sau biyu a shekara, kafin damina da kafin kaka.

6. In an kai mota gareji, wakilin ƙungiya ya roƙi makaniki ya yi gwajin notin cire iska a gabansa kafin a rubuta kayan da za a saya. Makanikin kirki ba zai ji haushi ba. A kuma komo da tsofaffin kayan da aka cire a nuna wa ma'aji.

7. Direba ya sami ikon cewa motar ba za ta fita ba, ko da ranar kasuwa ce, kada kuma a rage masa kuɗi saboda haka.

DOMIN TATTAUNAWA A TARONKU

Yaushe aka canza man birkin motarku na ƙarshe, wa kuma ya sani? Tiyoyin da ke jikinta shekararsu nawa? In direba ya ce birki ba lafiya ranar da doya take jira a gona, me ƙungiyarku za ta ce masa? Ku karanta wannan tare da direbanku da makanikinku, ku ɗaga motar ku gwada kafin a fara kwasar amfanin gona.